Gina Kundin Jari a Asusun Haɗaka da Daidaita Shi: Mahangar Mai Ƙaramin Jari a Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda mai ƙaramin ƙarfi a ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar zai rarraba ajiyarsa a asusun zuba jari na haɗaka, da yadda zai riƙa mayar da rabon kan ma'auninsa idan kasuwa ta karkatar da shi. Hujjar takardar ita ce, dukiyar mafi yawan gidaje a wannan yanki, duk da yawan nau'o'inta, tana rataye ne da abubuwa biyu: damina da iyaka. Don haka kundin jari (wato tarin abubuwan da aka zuba kuɗi a cikinsu) da ya dace da mutumin Gumel shi ne wanda ya ƙunshi abin da fari ko rufe iyaka ba sa taɓawa kai tsaye, kuma lokacin daidaita shi ya bi kalandar noma. An dogara da alƙaluman da hukumomin kuɗi na Nijeriya suka wallafa, sannan an kawo misalin lissafi domin fayyace hanyar.

1.0 Gabatarwa

Masarautar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, tana iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce mai rairayi da gajeriyar damina, inda ake noma gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da zoɓo. Jijiyar kasuwancinta ita ce kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis. Duk wanda ya shiga karar dabbobinta da hantsi zai ga shanu, raƙuma, tumaki da awaki da aka koro daga ƙetaren iyaka, dillalai na shiga tsakani don la'ada, 'yan canji na musayar naira da sefa, ana kuma loda tireloli masu nufar kudu. Kuɗi masu yawa suna juyawa a wannan rana, amma kaɗan ne daga cikinsu ke shiga ajiyar da ke haihuwa a wajen gona da garke.

Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Nijeriya ba sa cikin kowane tsarin hada-hadar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba a wannan giɓi. A lokaci guda, wayar hannu ta kawo asusun haɗaka kusa da kowa, har mutum na iya buɗe shi yana zaune a Gagarawa. Tambayar da ta rage ita ce: idan ya buɗe, me zai saya, nawa-nawa, kuma yaushe zai gyara rabon? Ita ce wannan takarda ke ƙoƙarin amsawa.

2.0 Asusun Haɗaka da Yadda Yake Aiki

Asusun haɗaka tsari ne da mutane da yawa ke tara kuɗi wuri guda, a danƙa wa ƙwararren manaja ya zuba su a kadarori iri-iri. Ana raba dukiyar asusun kaso-kaso, kowa na riƙe da kaso gwargwadon abin da ya zuba. Farashin kaso ɗaya shi ne darajar dukan kadarorin bayan an cire ɗawainiya, a raba da yawan kason da ke hannun jama'a. Tsari ne mai daɗaɗɗen tarihi: an fara irinsa a Holan a 1774, ya ɗauki siffarsa ta zamani a Amurka a 1924, ya shiga Ingila a 1931.

A Nijeriya Hukumar SEC mai kula da kasuwar jari ce ke yi wa asusun rajista. Doka ta raba ayyukan gida uku: manaja mai yanke shawarar saye da sayarwa, amintacce mai kare haƙƙin masu kaso, da ma'aji mai riƙe kadarorin. Wannan rabuwa ita ce garkuwar mai jari, domin manaja ba ya riƙe dukiyar a aljihunsa. Sai dai wajibi ne a sani cewa inshorar Hukumar NDIC ta ajiyar banki ce kawai, ba ta shafi asusun haɗaka ba. Farashin kaso yana hawa, yana kuma sauka.

Ga al'ummar da mafi yawanta ke guje wa kuɗin ruwa, ƙofar ta buɗe sosai a shekarun baya-bayan nan. Kamfanin Lotus Capital ya ƙaddamar da asusunsa na halal a 2008. A 2012 kasuwar hannayen jari ta Legas ta fito da ma'aunin kamfanonin da suka dace da Shari'a, a shekarar da Bankin Jaiz ya fara aiki. A Satumban 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fitar da sukuk na farko na Gwamnatin Tarayya, wato takardar jari mai biyan haya maimakon kuɗin ruwa, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi. Daga baya Stanbic IBTC, United Capital da wasu kamfanoni sun buɗe asusai masu zuba kuɗi a sukuk.

3.0 Tushen Nazari

Nazarin rarraba jari na zamani ya samo asali daga maƙalar Harry Markowitz ta 1952, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1990. Abin da ya tabbatar shi ne, haɗarin kundi ba ya raguwa don kawai an tara abubuwa da yawa a cikinsa. Yana raguwa ne idan abubuwan ba sa faɗuwa lokaci guda. Manomin Sule Tankarkar ya san wannan a gonarsa: yana gicciya wake a tsakanin gero ne saboda abin da ke kashe ɗaya ba lalle ya kashe ɗayan ba.

Inda littattafan kuɗi ke gaza wa mutanenmu shi ne, suna ɗaukar kundin takardu tamkar shi ne dukan dukiyar mutum. A Gumel ba haka abin yake ba. Abin da magidanci zai zuba a asusun haɗaka ƙaramin yanki ne na abin da ya mallaka. Saboda haka ba za a auna rarrabuwa a cikin kundin kaɗai ba, sai an haɗa da rumbu, turke da shago.

4.0 Dukiyar Gida: Damina da Iyaka

A ɗauki magidanci mai rufin asiri a Maigatari. Yana da gona, yana da gero a rumbu, buhunan riɗi da zoɓo a sito suna jiran farashi, shanun huɗa guda biyu, da ragunan da ake kiwatawa don layya. Ranar Alhamis yana dillanci ko fatauci. Uwargida tana da awaki, zubin adashi da ɗan zinaren kunne. A ido, dukiya ce kala-kala.

Amma idan damina ta yi gardama, amfanin gona ya ragu, harawa da dusa su yi tsada, makiyaya su yi ta fito da dabbobi kasuwa, farashinsu ya karye daidai lokacin da hatsi ke tashi. Wannan shi ne abin da Sahel ta gani a farin 1973 da na 1984. Gona, garke da la'ada duk sukan ji jiki a shekara guda, adashi ma ya yi rauni tunda masu zubin maƙwabta ne da matsalar ta shafa tare.

Iyaka ita ce igiya ta biyu. Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Tsakanin waɗannan biyu kuma aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya daƙile kasuwannin da ke ciniki da tsabar kuɗi. Cikin shekaru biyar, sau uku aka taɓa jijiya ɗaya.

Daga nan takardar ta fitar da ƙa'idarta ta farko: aikin asusun haɗaka a gidan mutumin Gumel shi ne ya riƙe abin da bai rataya da damina ko iyaka ba. Hayar da sukuk ke biya tana fitowa daga baitulmalin tarayya. Ribar kamfanin siminti ko na sadarwa tana fitowa daga cinikin ƙasa baki ɗaya. Ba su tsira daga haɗari ba, amma haɗarinsu daban ne, kuma wannan bambanci shi ake nema.

5.0 Gina Kundin

5.1 Rukunoni uku

Rukuni na farko shi ne na kusa da hannu: ajiyar mudaraba a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, ko asusun da ke zuba kuɗi a cinikin murabaha na gajeren zango. Ribarsa kaɗan ce, amma ana iya cire shi cikin 'yan kwanaki. Shi ne na asibiti, na taki da na kuɗin makaranta, kuma shi ke hana mutum karyar da sa a watan da dabba ba ta da daraja. Ga wanda ba ya ƙyamar kuɗin ruwa, asusun kasuwar kuɗi ne ke wannan aiki, kuma shi ya fi kowane girma a Nijeriya.

Rukuni na biyu shi ne asusun sukuk. Yana ba da haya sananniya, amma kada a ɗauke shi marar haɗari. Sukuk na 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara, na 2020 kashi 11.2, na 2023 kashi 15.75, na 2025 kuma kashi 19.75. Duk lokacin da sabon ya fito da haya mafi tsoka, darajar tsohon takan ragu a kasuwa, farashin kason asusun da ke riƙe da shi ya bi ta. Babban abokin gabar asusun sukuk kuwa shi ne hauhawar farashi. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8. Mai karɓar hayar kashi 15.75 a wannan shekara kuɗinsa sun ƙaru a takarda, amma buhunan geron da za su iya saya sun ragu.

Rukuni na uku shi ne asusun hannayen jari na halal. Shi ke da ƙarfin tsere da hauhawar farashi a dogon zango, shi kuma ya fi tangal-tangal. Babban ma'aunin kasuwar Legas ya haura maki 66,000 a Maris 2008, ya gangaro kusan 20,000 cikin shekara guda. Ya tashi da kashi 42 a 2017, ya faɗi da kusan kashi 18 a 2018 da kusan kashi 15 a 2019, sannan ya tashi da kashi 50 a 2020, kusan kashi 46 a 2023 da kusan kashi 38 a 2024. Kuɗin da za a buƙata kafin shekara biyar ba nan ne wurinsu ba.

5.2 Rabo gwargwadon mai jari

Babu rabo ɗaya da ya dace da kowa. Manomi ɗan kasuwa, wanda dukiyarsa ke hawa da sauka da farashin kaya, ya riga ya ɗauki haɗari mai yawa, kuma hatsi da dabbobinsa suna ɗan kare shi daga faɗuwar naira. Abin da ya rasa shi ne kuɗi mai tabbas, don haka ya fi masa ya ƙarfafa rukuni na farko da na biyu, misali kashi 20 na kusa da hannu, 50 sukuk, 30 hannayen jari.

Ma'aikacin gwamnati, kamar malami a Kwalejin Ilimi ta Gumel, matsayinsa kishiyar wannan ne. Albashinsa ƙayyadadde ne a naira, hauhawar farashi na cinye shi kowane wata. Idan yana da sauran shekaru masu yawa a aiki, zai iya kai hannayen jari kashi 40 ko 50. Wanda ya kusa ritaya kuwa sai ya riƙa rage su sannu a hankali.

Akwai abubuwa biyu da yankin ke da su waɗanda ya kamata a sa a lissafi. Bafatake mai riƙe da sefa ya riga ya mallaki kuɗin waje, tunda sefa a ɗaure take da yuro, kuma ta kare shi lokacin da naira ta faɗi bayan Yunin 2023. Matar da ke da zinare ita ma ta riga ta mallaki kadarar da ke bin farashin duniya. Waɗannan ba su da buƙatar gaggawa ta neman asusun dala ko na zinare.

5.3 Rarrabuwar da ba rarrabuwa ba

Sayen asusai uku na hannayen jari na halal daga kamfanoni uku bai zama rarrabawa ba. Ma'aunin Shari'a na 2012 ya fara ne da kamfanoni 15 kacal, domin an cire bankunan ruwa, kamfanonin giya da masu bashi fiye da kima. Manajoji daban-daban sukan ƙare da sayen kamfanoni kusan iri ɗaya. Asusu ɗaya mai kyau a kowane rukuni ya wadatar. Abin dubawa shi ne rajistar SEC, ladan manaja na shekara, mafi ƙarancin wa'adin riƙewa, tarar fita da wuri, da kwamitin malaman da ke sa ido kan asusun.

6.0 Daidaita Kundin

6.1 Dalili

Rabon da aka tsara ba ya zama yadda aka bar shi. Rukunin da ya yi riba yakan kumbura ya mamaye sauran, sai mutum ya wayi gari ɗauke da haɗarin da bai zaɓa ba. Wanda ya bar hannayen jarinsa suka kumbura a 2007 shi ya fi shan wuya a 2008. Daidaitawa ita ce rage abin da ya yi yawa a ƙara wa wanda ya yi ƙasa. Manufarta tsare haɗari a inda aka amince tun farko, ba farautar ƙarin riba ba. Tana da wuya a zuciya, domin tana sa mutum ya rage abin da kowa ke yabo ya ƙara abin da kowa ke gudu. Shi ya sa ya kamata a rubuta dokar tun ranar buɗe asusu, ba a fafe gora ranar tafiya.

6.2 Lokaci da iyaka

Hanyoyi biyu aka sani: a daidaita a ƙayyadadden lokaci, ko a daidaita idan rabo ya kauce da wani adadi. Takardar na ba da shawarar haɗa su. A duba kundi sau ɗaya a shekara, a taɓa shi kawai idan wani rukuni ya kauce da maki 5 ko fiye.

Ƙa'ida ta biyu ta takardar ita ce lokacin dubawar ya zama kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, bayan an sayar da riɗi da zoɓo. A lokacin ne sabon kuɗi ke shigowa, kuma daidaitawa da sabon kuɗi ta fi sauƙi, babu tarar fita, babu asarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Ga mai kiwon layya, makon bayan Babbar Sallah ne kakarsa. Mai albashi kuma zai iya karkatar da zubinsa na wata-wata zuwa rukunin da ya yi ƙasa. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi zai iya haɗa dubawar da ranar lissafin zakkarsa, ya fitar da kashi 2.5 daga rukunin da ya kumbura, bayan ya nemi fatawar malamai kan yadda ake lissafa zakkar irin wannan dukiya.

6.3 Misalin lissafi

Alƙaluman nan na misali ne kawai. Wani ya zuba naira 1,000,000: sukuk 500,000, hannayen jari 300,000, na kusa da hannu 200,000. Bayan shekara sukuk ya zama 575,000, hannayen jari 435,000, na kusa da hannu 224,000. Jimla 1,234,000. Hannayen jari sun koma kashi 35.3, sun haura iyakar maki 5.

Idan ba shi da sabon kuɗi, zai sayar da kason hannayen jari na naira 64,800, ya zuba 42,000 a sukuk da 22,800 a na kusa da hannu. Idan kuwa ya samu rarar naira 216,000 daga cinikin riɗi, ba sai ya sayar da komai ba. Zai zuba 150,000 a sukuk da 66,000 a na kusa da hannu. Jimla ta zama 1,450,000, rabon ya koma 50, 30, 20 daidai. A shekarar da hannayen jari suka faɗi, dokar ɗaya ce, sai dai sabon kuɗin ya nufi wajensu.

Akwai togaciya guda. A shekarar fari ko rufe iyaka, idan gida ya ci rukunin kusa da hannu, cike shi ne farko kafin kowace daidaitawa. Cin sa a irin wannan shekara ba gazawar tsarin ba ce, don haka aka ajiye shi.

7.0 Ƙalubale

Babban ƙalubale shi ne rashin yarda, kuma yana da dalili. Rushewar tsarin damfara na MMM a Disambar 2016 da ta CBEX a Afrilun 2025 sun cinye ajiyar mutane masu yawa. Dokar Zuba Jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ga masu irin wannan damfara, amma doka ba ta mayar da abin da ya salwanta. Alamar gane su ɗaya ce: alƙawarin riba mai yawa, tabbatacciya, cikin ɗan lokaci. Asusu na gaskiya ba ya yin wannan alƙawari. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyu shi ne harshe da nisa. Takardun bayanin asusai da Turanci suke, ofisoshin manajoji kuma suna Legas, Abuja ko Kano. Na uku shi ne sharuɗɗan buɗewa, wato asusun banki, lambar BVN da ta NIN, waɗanda mata da mazauna karkara da dama ba su kammala ba.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, Hukumar SEC ta wajabta wa manajoji fitar da taƙaitaccen bayanin kowane asusu da Hausa, a boko da ajami, mai nuna lada, wa'adi da haɗari. Na biyu, manajoji su samar da wakilai masu rajista a manyan kasuwannin mako irin na Maigatari, su kuma tsara zubi mai bin kaka maimakon na wata-wata kaɗai. Na uku, ƙungiyoyin gama-kai na manoma, dillalai da ma'aikata su rubuta dokar rabo da ta daidaitawa a cikin tsarin mulkinsu, don kada shawarar ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Na huɗu, malamai da masarauta su shiga wayar da kai. Maleshiya ta nuna hakan mai yiwuwa ne: da asusun Tabung Haji na 1963 da asusun Amanah Saham Nasional na 1981 ta jawo ajiyar talakawan karkara cikin kasuwar jari ta hanyar da suka aminta da ita.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa rarraba jari a masarautar Gumel ya kamata ya fara daga ƙididdige abin da gida ya riga ya mallaka, domin mafi yawansa damina da iyaka ke juya shi. Asusun haɗaka ba zai maye gurbin gona ko garke ba, kuma bai kamata a sayar da su don shi ba. Amfaninsa shi ne ya tsaya a shekarar da suka durƙusa. Hakan na samuwa ne da rukunoni uku, rabon da ya dace da sana'ar mai shi, da rubutacciyar dokar dubawa sau ɗaya a shekara lokacin kaka. Aikin da ke gaban manazarta shi ne tattara farashin dabbobi, gero da riɗi na kasuwar Maigatari na tsawon shekaru, a kwatanta da ribar sukuk da ta hannayen jari. Da wannan ne za a iya ƙayyade rabon da ya fi dacewa da yankin bisa alƙaluman kasuwarsa.